Shafin da Goggo Ta Ƙi Bugawa

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, Goggo kuwa ta riga mu tafiya. Ranar Talata da hantsi ta cika a asibiti a Gusau, aka kai ta Bungudu, aka yi mata sutura bayan azahar kusa da iyayenta. Ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara bakwai, kuma a kwalejin da ta yi wa aiki har ta yi ritaya nake koyarwa yau.

A gidanmu na gado aka yi zaman makoki. Matan dangi daga Karakkai suka cika tsakar gida, kowace da abin da take tunawa. Wata ta ce Goggo ce ta zauna da ita a asibiti lokacin haihuwarta ta fari. Wata ta ce ba a taɓa faɗa mata gaskiya mai zafi irin wadda Goggo ta faɗa mata ba, tana faɗa tana dariya tana share hawaye. Amma babu wadda ta san takamaiman aikinta a Gusau. In an tambaya sai su ce, "Takardu take bugawa."

Washegari mutanen kwaleji suka iso a mota biyu, alhali guda ma ta ishe su. Baba, da ke karɓar gaisuwa a ƙofar gida, ya leƙo daga baya ya kira ni.

"Wai mutanen naku ba su san juna ba ne? Tabarma guda na shimfiɗa, sai da na sa anka ƙaro wata. Waɗanga na nan, waɗancan na can, kowa da addu'arsa daban."

Na ce, "Sun san juna, Baba. Shi ya sa."

Tsohuwar da ta yi shekaru tana share ofisoshinmu ta zauna kusa da ni, ta kasa ko shan ruwa. Abu ɗaya take ta maimaitawa: "Ita kaɗai ke ce mini Yaya a wurin nan." Can kuma wata malama matashiya, da ba ta daɗe da kama aiki ba, ta matso ta yi mini gaisuwa cikin ladabi, sannan ta tambaye ni a hankali, "Hajiya, a wane sashe marigayiyar ta koyar?"

Tambayar nan ce ta sa na ɗauki biro. Ban ga laifin yarinyar ba. Na dai gane cewa in ban rubuta ba, nan gaba kaɗan ba wanda zai san Goggo ta taɓa zama a kwalejin.

Goggo ba ta koyar ba. Mai buga tafireta ce. Ita ce mace ta farko a gidanmu da ta wuce firamare, ta koyi bugun takardu, ta samu aiki tun kwalejin tana 'yan gine-gine kaɗan a bakin daji. Mijinta ya rasu da wuri, 'ya'yan da ta haifa ba su rayu ba, ba ta sake aure ba. Sai ta ɗauko ni daga Bungudu zuwa ɗakunanta biyu a Sabon Gari. Idan na tashi daga makaranta nakan same ta a ofis. Tun daga baranda nake gane bugunta da na sauran, don nata ba ya tsayawa sai ƙararrawar ƙarshen layi ta buga.

Tana son goro, amma ba ta taɓa takarda sai ta wanke hannu. In ta tashi aiki sai ta lulluɓe injin da wani ƙyallen atamfa da ta ɗinka masa. Tana gyara wa malamai kuskuren rubutu ba tare da ta faɗa ba. Wanda ya yi gardama, ko da mai digiri uku ne, sai ta ja aljihun tebur ta ɗauko ƙamus ta tura gabansa, ta ci gaba da aikinta. Kuma duk wanda ta miƙa wa takarda, daga masinja har Shugaban kwaleji, magana ɗaya take yi masa: "Karanta kafin ka sa hannu, ko da ni na buga."

Ba mace mai laushi ba ce, kada in yi mata ƙarya don ta mutu. Ba ta iya yabo ba. Ranar da na kawo mata sakamakon digirina, ta duba sama da ƙasa ta ce, "To, an gode Allah. Kin ci abinci?" In ta yi fushi kuwa ba ta ihu, shiru take yi, shirun nata kuma ya fi mari.

A zamanin ƙuruciyata akwai wata babbar darbejiya bayan ofisoshi. In azahar ta yi kowa sai ya fito. Mata su baje kwaɗon zogale da dafaffiyar gyaɗa a gefe, maza su zauna a nasu gefen da fura. Shugaban da na fara sani yakan biyo ta wurin, ya ɗebi gyaɗa a tafin hannu, ya tambayi direba jikin mahaifiyarsa. In suna ya faɗo ko rasuwa, a Tsafe ne ko a Bungudu, bas ɗin kwaleji guda ake cikawa, malami kusa da mai gadi. Ban ce ba a yin faɗa a lokacin ba. Ana yi, har a buga tebur. Amma a ɗakin taro ake gama shi, a fito a yi salla sahu ɗaya.

Ba zan iya nuna ranar da abin ya lalace ba. Na dai san ya soma ne daga neman kujerar shugabanci. Mutum biyu suka nema, ɗaya ya samu, ya shigo da jerin sunaye a zuciyarsa. Wanda ya goyi bayan ɗayan sai ya zo da safe ya tarar an canza makullin ofishinsa. Wani a karɓe darussansa a ba wanda bai san su ba. Fayil ɗin ƙarin girma sai ya kwanta a tebur har ya yi ƙura, ko a ce ya ɓata. Taro kuwa sai an gama yanke hukunci ake kiransa. Mafi muni, aka samu masu kai magana. Abin da ka faɗa a gindin darbejiya da azahar, kafin la'asar ya isa sama da ƙari. A hankali gindin bishiyar ya watse, kowa ya koma cin abinci a ofishinsa, ƙofa a rufe.

Goggo takan dawo gida da ciwon kai. Wata rana ta ce mini, "Yau takardar tuhuma shida na buga. Ban buga tambayar jarrabawa ko guda ba."

A lokacin ni ma na kama aikin koyarwa a kwalejin, na yi aure, na bar gidanta. Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna.

Akwai wani malamin lissafi, mutumin Tsafe, mai ƙarancin magana. Shi ne ya miƙe a taron malamai ya ce sakamakon ɗalibai da ya miƙa ba shi aka liƙa a allo ba, an taɓa shi a hanya. Aka kafa masa kwamiti, wai ya ɓata sunan kwaleji. Kwamitin ya zauna, ya duba takardu, ya ga mutumin nan gaskiya ya faɗa. Aka kawo wa Goggo rahoton a rubuce da hannu, ta buga, 'yan kwamiti suka sa hannu a shafin ƙarshe.

Bayan kwana biyu Magatakardan kwaleji ya shigo ofishinta da kansa, abin da bai saba yi ba. Tsohuwar mai shara tana ciki, ita ta ba ni labarin kafin Goggo ta ba ni.

"Hajiya, a sake mini shafi na uku. Ga gyara."

Goggo ta karanta har ƙasa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, an sake zama ne?"

"Ba a sake ba. Gyara ne daga sama."

"To wanga ba gyara ba ne. Wancan ya ce Malam ba shi da laifi, wanga ya ce yana da shi. In anka sake zama, a kawo mini abin da anka ce, in buga."

"Aikinki bugawa ne, Hajiya, ba tambaya ba."

"Gaskiya ne. Amma mutanen da sunka sa hannu, sai da na ce su karanta, sun kuwa karanta. Ba wanga sunka karanta ba."

Ta miƙa masa takardarsa da hannu biyu, ta ja ƙyallen atamfa ta rufe injin.

Ƙin nata bai hana komai ba. Aka ba wani ya buga shafin, aka cusa shi a tsakiyar rahoton, aka sallami Malam daga aiki. 'Yan kwamiti suka yi gum. Ita kuma aka aiko mata da takardar tuhuma. Ta ce ita ce ta farko da ta gani da kuskuren rubutu har uku, don ba ita ta buga ba. Ta gyara su da jan biro, ta haɗa da amsarta ta mayar. Kafin mako ya zagayo aka ɗauke ta daga ofis, aka kai ta ɗakin ajiyar tsofaffin takardu.

Ɗakin yana can bayan ɗakin gwaje-gwaje, inda ba mai bi. Rufinsa yana yoyo, gara ta ci ƙasan katako, jemagu sun yi gida a kusurwa. Ba inji, ba aiki, ba wanda ya ce mata ga abin da za ta yi. Ana so ta gaji ta ajiye aikin da kanta. Goggo kuwa kullum kafin ƙarfe takwas ta buɗe ƙofar, ba ta rufewa sai an tashi. Mutanen da ta yi shekaru tana gyara musu rubutu suka daina bi ta wajen. In sun hango ta sai su manna waya a kunne.

Nan ne wurin da ya fi mini wuyar rubutawa. Ni ma na daina bi ta wajen.

Shugaban sashenmu ya kira ni ya ce, cikin murmushi, "Malama, takardun tabbatar da ke suna kan tebur. Ki ɗan rage zuwa bayan can, ana gani." Sai na rage. Daga ragewa na daina. Na samo wata hanya ta gaban ɗakin karatu wadda ba ta bi ta ƙofarta. Ranar Juma'a nakan je gidanta in gaishe ta kamar ba komai, ita ma ta amsa kamar ba komai. Ina gaya wa kaina na ɗan lokaci ne, da an tabbatar da ni shi ke nan.

Sai aka zagayo da wata takarda ofis-ofis, wai ta goyon bayan Shugaba. A cikinta an kira Malamin lissafi maƙaryaci mai neman tada fitina. Wanda ya kawo ta yana tsaye a kaina. Na duba sama-sama, na ga sunayen manya, na sa hannu. Washegari aka liƙa ta a allon sanarwa da sunayenmu duka.

Juma'ar nan na same ta a tsakar gida tana tsinkar zogale. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Na ga sunanki a allo."

Na ce, "Goggo, kowa fa ya sa hannu."

"Ban tambaye ki kowa ba. Kin karanta?"

Sai zafi ya taso mini. Na ce ita ta kusa ritaya, ni yanzu na fara. Na ce taurin kanta bai mayar da Malam aiki ba, bai amfani kowa ba, sai dai ya jawo mana ido. Na ce ba kowa ke iya zama da jemagu ba. Har yau in na tuna kalmar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Ta ajiye faranti ta dube ni. "Da kika daina bi ta ƙofata ban ce komi ba, don ni kika yi wa, ni kuwa na riƙe ki, na san tsoronki. Wanga ba ni kika yi wa ba."

Daga nan ta shiga shirun nata. Kusan wata biyu ina zuwa, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Wata ranar Alhamis ta aiko mini da saƙo ta bakin mijina: in shirya, Asabar za mu Tsafe. Ba ta ce wurin wa ba, ni kuma na sani. A lokacin hanya lafiya lau, muka shiga mota a tasha da sassafe. Muka tarar da Malam a zaure yana ɗaura wa fartanya ƙota. Ya koma noma, yana kuma koyarwa a wata 'yar makarantar sakandare. Ya rame. Ya tare mu da fara'a, matarsa ta kawo fura. Bayan an gama gaisawa Goggo ta ce, "Malam, ɗiyata ce. Tana da magana." Ta ciro carbi ta sunkuyar da kai.

Da ƙyar na ce, "Malam, sunana yana cikin takardar nan."

"Na gani. Ke ce ta goma sha ɗaya."

"Ban karanta ba na sa hannu."

Ya daɗe yana juya ƙotar a hannunsa. Sannan ya ce, "Da kin karanta kika sa, da ya fi mini sauƙi, sai in ce ra'ayinki ne." Na fashe da kuka a zauren mutane. Ya bari na yi mai isata, ya ce, "Na yafe, Malama. Ke kaɗai kika zo. Ki dai riƙa koyar da yaran nan tsakani da Allah."

Matarsa ta ƙulle mana wake da gyaɗa. A hanyar dawowa Goggo ba ta ta da maganar ba. Ta dai nuna mini gonaki ta taga ta ce gero ya yi kyau bana. Ranar Litinin na ɗauki kwanon abincina na bi ta bayan ɗakin gwaje-gwaje. An jinkirta tabbatar da ni har shekara guda, ban kuma mutu ba.

Ranar Litinin ɗin nan da na shiga ɗakin ajiyar sai na tarar ya canza. Ba wanda ya sa ta, amma ta kwashe takardun nan kaf, ta shanya waɗanda suka jiƙe, ta jera su shekara-shekara a kan bulo don gara. Sannu a hankali waɗanda aka ce fayil ɗinsu ya ɓata suka fara zuwa, a ɓoye, suna waige-waige. Takan nemo musu, ba ta tambayar ko su mutanen wa ne.

Da wa'adin Shugaba ya cika aka kawo sabo, sai abin ya juya. Waɗanda suke sama suka koma ƙasa, makullai suka sake canzawa. Magatakardan nan aka sauke shi, ya zo ritaya, aka ce ba a ga takardarsa ta kama aiki ba. Ya yi ta yawo ofis-ofis ana ce masa ya dawo gobe. Ina zaune muna cin abinci ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a karkace, ya kasa shigowa.

Goggo ta kaɗe masa kujera da gefen mayafinta. Ta tambayi shekarar da ya kama aiki, ta nufi wani layi, ba a jima ba ta dawo da fayil.

Ya karɓa. "Hajiya, ni ne fa na..."

"Na sani, ai ban tsufa haka ba. Duba ka gani, sun cika?"

Da ya fita na ce, "Goggo, da kin bar shi ya yi mako yana zirga-zirga, ya ɗanɗana."

Ta ce, "Takardarsa ce, ba tawa ba. Ci abincinki."

Na zaci sabon Shugaba zai mayar da ita ofis. Ya kuwa aiko a kira ta, ya yaba mata, sannan ya ce ta rubuta duk abin da ta sani game da mutanen baya. Ta ce in kwamiti zai zauna a kan maganar Malam, za ta zo ta faɗi abin da ta gani a gaban kowa. Ba wannan yake so ba. Sai aka bar ta inda take. A ɗakin nan ta yi ritaya. Ba a yi mata taron ban kwana ba. Ta naɗe dardumarta, ta ɗauki butarta, ta zagaya neman wanda zai karɓi makulli ba ta samu ba, ta ba tsohuwar mai shara.

A kwanakinta na asibiti an sake shiga neman kujera a kwaleji. Ina zaune a gefen gadonta wayata tana ta ƙara, kowane ɓangare yana so ya ji inda na sa gaba, don yanzu ni ce shugabar sashenmu. Ta buɗe ido ta ce, "An soma kuma?"

"An soma, Goggo. Amma ni ba na kowane ɓangare."

"Ba shi na tambaya ba." Ta huta, numfashinta yana sama-sama. "Guda zai ci, guda zai faɗi. Wanda anka kayar, da mutanensa, ki riƙa gaishe su a gaban jama'a. Ba a gida ba. A gaban jama'a."

Muna cikin zaman makoki aka sanar da sabon Shugaba. Bayan addu'ar bakwai na koma aiki. Ina shiga na hango wanda bai samu ba, zaune shi kaɗai a kan benci a barandar ofisoshi, mutumin da mako biyu da suka wuce ba a iya ganinsa don jama'a. Malamai suna wucewa ta gabansa, kowa ido a ƙasa. Ba zan ɓoye ba, sai da na waiga na ga wa ke kallo. Tagar ofishin Shugaba a buɗe take. Tsoro ya kama ni kamar ina sabuwar ma'aikaciya. Na gyara mayafina, na tsallaka filin, na tsaya a gabansa na ce, "Malam, ina kwana? Ya iyali?"

Ya ɗago da mamaki, ya miƙe tsaye. Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya. Ya ƙarin haƙuri?"

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka sada ta da 'ya'yanta da suka riga ta. Mu da muka rage a ofisoshin nan, Ka cire mana tsoron juna. Amin.